"Zama da annoba": mene ne shi a aikace?

Sarkin_Tambaya
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun ranar 5 ga Mayu 2023 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke matakin ta-ɓaci a kan korona ake ta cewa sai dai mu koyi zama da ita. Abin da ido ke gani kuwa, an cire takunkumi, an rufe rumfunan gwaji, an daina karanto alƙaluma a labarai, kowa ya kama gabansa. Shin wannan ne zaman, ko gajiya aka yi aka raɗa mata suna mai daɗi? In akwai aikin da ake yi, a warware mana shi dalla-dalla. Sannan tun da an iya kawar da agana daga doron ƙasa, me ya hana a yi wa wannan haka a huta?

Dakta_Mai_Alƙaluma
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe Sarki. Bari in fara da ta ƙarshen. An sanar da kawar da agana a 1980 saboda ta ba da kai ta fuska uku: ɗan Adam kaɗai take kamawa, wanda ya kamu ƙurajensa na fitowa fili kowa ya gani, riga-kafinta kuma na daɗewa shekaru a jiki. Korona ta saɓa a duk ukun. Tana cikin barewa a Amurka, ta shiga dabbobin mink da ake kiwo don gashinsu har Denmak ta ba da umarnin kashe kusan miliyan 17 a Nuwamban 2020. Mutum na yaɗa ta kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya ji komai. Kariya daga kamuwa kuma tana raguwa cikin watanni, ga ƙwayar tana sauya kama.

Don haka ta zama 'yar gida. Sai dai a kula, 'yar gida ba ya nufin marar illa. Zazzaɓin cizon sauro ɗan gida ne, yana kashe kusan mutum 600,000 a shekara. Tarin fuka ɗan gida ne, yana kashe sama da miliyan ɗaya. Ma'anar kalmar kawai ita ce cutar ba ta tafiya, kuma ana iya hasashen hawanta da saukarta. Tambayar da ta rage ita ce a wane mataki za ta zauna, mutum nawa za ta riƙa ɗauka duk shekara, wannan kuwa aikin da aka yi ne ke yanke shi.

Baƙon_Zaure
Hajiya Dakta, ai an ce kowace ƙwayar cuta tana yin sanyi da kanta in ta daɗe, don ba ta so ta kashe mai masaukinta. Ba jira kawai za a yi ba?

Dakta_Mai_Alƙaluma
Malam Baƙo, wannan magana ta yi yawo ƙwarai amma ba doka ba ce. Ƙwayar da ta gama yaɗuwa a makon farko, ba ruwanta da abin da zai sami mutum a mako na uku. Nau'in korona na Delta ya fi waɗanda suka gabace shi tsanani, agana kuwa ta shafe ƙarnuka tana kashe kusan uku cikin goma. Babban abin da ya sassauta korona shi ne jikin yawancin mutane ya riga ya san ta, ta allura ko ta kamuwa. Haka aka yi da murar 1918: zuriyarta ta ci gaba da zagaye duk shekara har 1957 da wata ta ture ta. Ta 2009 ma tana nan, yanzu tana cikin allurar mura ta shekara-shekara.

Injiniyan_Iska
Dakta ta buɗe ƙofa, bari in shigo da nawa fannin. A 1854 John Snow ya sa aka cire hannun wani famfo a Landan saboda kwalara, amma abin da ya raba birnin da ita shi ne manyan magudanan ƙazanta da Joseph Bazalgette ya gina bayan 1858. An gyara ruwan daga tushe, ba a bar wa kowane gida ɗawainiyar ba. Iskar cikin ɗaki na jiran irin wannan gyara.

A ɗauki aji mai tsawon mita 8, faɗi 7, tsayi 3. Iskar cikinsa kubik mita 168 ke nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawara a 2023 a riƙa sauya iskar ɗaki aƙalla sau 5 a awa, wato kubik mita 840 a awa ga wannan ajin. In aka bi ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na lita 10 a sakan ga kowane mutum, yara 40 na buƙatar kubik mita 1,440 a awa. Kun ga cunkoso na sauya lissafin.

Yadda ake ganewa: ƙaramar na'urar auna iskar kabon da muke fitarwa. A waje tana nuna kusan 420 cikin miliyan. A rufe ƙofa da tagogi a kan yaran nan 40 a zuba mata ido, kafin rabin awa ta haura 1,500. A 800, kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da ka ja ta riga ta shiga huhun wani. A 2,000 ta kusa kashi 4. A ajiye ta daidai tsayin numfashi, nesa da taga, kuma kada ta zama a gaban bakin wani. Kasuwa cike take da na bogi masu shinshinar wari su ƙiyasta lamba. A kusanto da man tsaftace hannu mai sinadarin barasa. In lambar ta yi tsalle, ba ta gaske ba ce.

Malamar_Aji
Injiniya, a takarda ya yi kyau. To lokacin tsananin sanyi ko ƙura fa, ko makarantar da ke bakin babban titi? A buɗe taga, na baya ba ya jin malami, na kusa da taga na rawar ɗari. Kafin mako ya zagayo an rufe su duka, kuma ba laifin kowa ba ne.

Injiniyan_Iska
Gaskiyarki Malama. Ba sai a hangame ba. Ƙaramar kafa a bango biyu masu fuskantar juna ta fi babbar taga ɗaya. In akwai tagogin sama su za a buɗe, iska mai ɗumi ta fice ta can, mai sanyi ta gauraya kafin ta sauko kan yara. Tsakanin darasi da darasi a buɗe komai na minti 5 zuwa 10.

Kurakurai uku da ake yawan yi. Fankar sama juya iska take, ba ta sauya ta sai da taga a buɗe. Na'urar sanyaya ɗaki ta jikin bango iskar ɗakin take maimaitawa, ba ta jawo ta waje. Na uku, a sayi matatar iska ta HEPA a kunna ta a kan mafi ƙanƙantar gudu saboda ƙara, alhali adadin da aka rubuta a kwali na mafi girman gudu ne. Gara biyu a matsakaicin gudu da ɗaya mai ruri. Akwai matata ta haɗin hannu: rariyar tace iska huɗu masu lambar inganci MERV 13 a haɗa su kamar akwati, kibiyoyinsu na kallon ciki, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama tana hurawa sama, a like duk wata kafa da salatif. A tuna matata ba ta rage kabon, don haka na'urar auna za ta ci gaba da nuna lamba babba ko da iskar ta tsarkaka daga ƙwayoyi.

Beljiyam ta kafa dokar ingancin iskar cikin gine-ginen jama'a a 2022, don haka ba mafarki ba ne.

Gani_Ya_Kori_Ji
Misalin ruwan nan bai zauna ba, Injiniya. Ruwa a wuri ɗaya ake tace shi a tura wa gari. Iska kuwa ɗaki-ɗaki ce, miliyoyi. Wa zai canza rariya a shekara ta biyu? Bayan annobar numfashi ta SARS a 2003 an rubuta rahotanni, bayan 2009 an rubuta, bayan Ebola ta 2014 an rubuta. Da 2020 ta zo, ƙasashe masu kuɗi sun buɗe rumbunan ajiya suka tarar da takunkumin da wa'adinsa ya wuce, robarsa na tsinkewa a hannu. Sayen kaya ba ya gagarar gwamnati, kula da su ne ke gagara. Ni ina tare da Sarki, gajiya ce.

Sista_Ta_Dare
Malam Gani ya taɓo inda ke ciwo, kuma babu inda ya fi bayyana kamar oksijin. A Manaus ta Brazil a Janairun 2021, da Indiya a Afrilu da Mayun shekarar, iskar ce ta ƙare ana ji ana gani. Lissafin ba wuya. Babbar tukunyar oksijin na ɗaukar kusan lita 6,800. Mai shan lita 10 a minti zai shanye ta cikin awa 11. A ɗora shi kan na'ura mai hura lita 60 a minti, ba za ta kai awa biyu ba. A ninka da gado 20.

Na'urar tace oksijin daga iskar ɗaki na ba da lita 5 ko 10 a minti, amma da sharaɗi: wuta marar yankewa, tazarar aƙalla santimita 30 daga bango, a wanke soson bayanta duk mako a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Laima ke kashe sinadarin cikinta. Sai ta ci gaba da huci kamar lafiya lau, alhali tsarkin abin da take fitarwa ya faɗi ƙasa da kashi 82, kuma ba a tabbatarwa sai da na'urar auna tsarki. Maiƙo ko giris a bakin tukunya kuwa gobara ce. Wadda ta tashi a wani asibitin masu korona a Bagadaza a Afrilun 2021 ta ci sama da mutum 80.

Na'urar yatsa mai auna oksijin a jini: ƙasa da 94 a sa ido, ƙasa da 90 gaggawa ce. Yatsa mai sanyi da jan farce na ɓata karatun. Kuma binciken da aka wallafa a Disambar 2020 ya nuna tana ɓoye ƙarancin oksijin a masu baƙar fata kusan ninki uku na farare. In ta ce 93 amma mutum na haki ba ya iya ƙarasa jimla, a gaskata mutumin.

Gado kuma ba katako da katifa ba ne. Ana iya kafa gado ɗari cikin mako, ma'aikaciyar jinyar da ta iya kula da mai numfashi da na'ura sai an yi shekaru ana horar da ita.

Mai_Haɗa_Magani
Ƙari a kan na Sista. Magani ma lokaci gare shi, kuma nan ake yawan tafka kuskure. Deksametason, miligiram 6 a rana har kwana 10, gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin. Ga wanda bai kai buƙatar oksijin ba babu amfani, zai ma iya cutarwa, don yana danne garkuwar jiki daidai lokacin da take faɗa da ƙwayar, ga tayar da sukari.

Paxlovid, maganin da ke yaƙar ƙwayar korona kanta, akasin haka ne: cikin kwana 5 na farkon alamu ake fara shi, ga masu haɗarin tsanani. Kafin a ba da shi a duba duk abin da mutum ke sha. Ba ya haɗuwa da simbastatin, maganin rage kitsen jini, kuma rifamfisin na masu tarin fuka yana karya ƙarfinsa. Ma'ana, in gwaji da ganin likita da samun magani za su ci mako guda, ajiye shi a kanta bai amfana wa kowa komai ba.

Sai kuma ɓarnar da ba a magana a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka kwantar da korona an ba su maganin kashe bakteriya, alhali kusan kashi 8 ne kawai ke buƙata. Wannan bashi ne da za a biya nan gaba da magungunan da suka daina ci.

Ɗan_Ɗakin_Gwaji
Sarki ya yi kukan an rufe rumfunan gwaji. A nawa ganin rufe su daidai ne, in har an maye gurbinsu. Gwada kowa da kowa har abada ba mai ɗorewa ba ne. Abin da ke ɗorewa uku ne.

Na farko, zaɓaɓɓun asibitoci da ke ɗaukar samfur duk mako daga masu zafin jiki 38 ko fi da tari da ya fara cikin kwana 10, a gwada mura da korona tare, a karanta tsarin halittar wasu. Da haka ake bibiyar mura tun 1952, kuma daga nan ake zaɓar abin da za a sa a allurar shekara, a Fabrairu don arewacin duniya, a Satumba don kudanci.

Na biyu, ruwan ƙazanta. Samfur ɗaya na wakiltar dubban mutane, har da waɗanda ba za su taɓa zuwa asibiti ba, kuma yakan nuna hawa kwanaki kafin asibiti ya gani. Ana tara shi kaɗan-kaɗan tsawon awa 24, a riƙe shi a sanyin digiri 4, kada a daskarar. Ruwan sama na tsarma shi, don haka ake auna shi tare da wata ƙwayar cutar tsirrai marar illa da ke cikin bahayan kusan kowa, a daidaita lissafi. Inda babu bututun ƙasa, ana ɗiba daga manyan magudanai, ko a ɗaura bandeji a igiya a bar shi cikin ruwan kwana ɗaya zuwa biyu. Masu yaƙi da shan inna sun daɗe suna gwajin magudanai a Masar da Indiya da Pakistan, kuma da shi aka gano ƙwayar a Landan a 2022.

Na uku, rajistar mutuwa. A 2020 da 2021 ƙasashe sun ba da rahoton mutum miliyan 5.4, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙarin mace-mace kuwa miliyan 14.9 ne. Ƙasar da ba ta san mutum nawa ke mutuwa a mako na yau da kullum ba, ba za ta san ranar da suka ƙaru ba.

Baƙon_Zaure
To gwajin gida fa, wanda ake tsokalar hanci? Wani ya ce ƙarya yake yi.

Ɗan_Ɗakin_Gwaji
Ya danganta da lokacin da aka yi shi. A ƙaddara gwaji na kama 80 cikin masu cuta 100, yana kuma yi wa lafiyayye 1 cikin 100 ƙage. A gwada mutum 10,000 lokacin da 10 kaɗai ke ɗauke da ita: zai kama 8, ya yi wa kusan 100 ƙage. A sake lokacin da 1,000 ke ɗauke da ita: zai kama 800, ƙage 90, amma 200 sun sulale. Wato lokacin lafiya "akwai" ce abin shakka, lokacin ɓarkewa "babu" ce abin shakka. Mai alamu da ya ga babu ya maimaita bayan awa 48. A karanta cikin mintunan da takardar ta faɗa. Layin da ya fito bayan awa guda ba a kula shi.

Tsohon_Magatakarda
Duk kun yi maganar na'urori. Gwajin nan da ya ce "akwai", sai me? Wanda in bai fita yau ba ba zai samu na yau ba, zai fita, kuma gobe ba zai sake gwadawa ba. Hutun rashin lafiya mai albashi kayan aikin lafiyar jama'a ne kamar allura. Sharuɗɗansa: ya fara daga ranar farko, don a kwanakin farko aka fi yaɗawa, kada a ce sai an kawo takardar likita, don tura mai tari ya zauna a layin asibiti yaɗawa ce, ya haɗa da 'yan kwangila da masu aikin yini. Jamus ta mayar da karɓar takardar hutu ta waya dindindin a Disambar 2023, har kwana 5 ga ƙananan cututtuka.

A dubi Singafo. An yaba mata a farkon 2020, sai cutar ta shiga ɗakunan kwanan ma'aikata baƙi da ke cunkushe, daga nan mafi yawan waɗanda suka kamu a shekarar suka fito. Gidajen yari, gidajen kula da tsofaffi, masana'antun da ake aiki kafaɗa da kafaɗa, nan take laɓewa.

Malamar_Aji
Baba Magatakarda, a ƙara da makaranta cikin abin da ba za a sake yi wa garaje ba. A Afrilun 2020 yara da ɗalibai kusan biliyan 1.6 ne ke gida. Denmak ta buɗe wa ƙanana a tsakiyar watan nan, cikin ƙananan rukunai, darussa da yawa a waje. Yuganda sai Janairun 2022. Yaron da ke aji ɗaya ko biyu ya rasa lokacin koyon haɗa baƙi, kuma in aka dawo aka ɗora daga inda manhaja ta ce, an bar shi a baya ke nan. Gyaran shi ne a gwada kowane yaro a raba su bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba, na awa ɗaya a rana har su kamo. Tsarin zama da annoba ya rubuta ƙarara: makaranta ce ta ƙarshen rufewa, ta farkon buɗewa, kuma aji ake sallama na 'yan kwanaki, ba ƙasa baki ɗaya ba.

Uwar_Riga-kafi
Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A 2021 yara miliyan 25 ba su kammala allurar mashaƙo da tarin shiƙa da tetanus ba, saboda an kwashe ma'aikata da motoci zuwa korona. Ƙyanda kuwa sai kashi 95 sun samu allura biyu take lafawa, ita ce ke fara tona asirin duk wani giɓi.

Game da korona, tun Maris 2023 shawarar ta koma kan masu haɗari: tsofaffi, masu cututtuka na dindindin, masu raunin garkuwa, masu juna biyu, ma'aikatan lafiya. Matsalar ita ce tsarin riga-kafi a ƙasashe da yawa na jarirai ne, babu rajistar manya. Mafita a kai allurar inda suke zuwa da ma: asibitin masu ciwon sukari da hawan jini, awon ciki.

A ɓangaren ajiye allura cikin sanyi, kowa na tsoron zafi, amma daskarewa ma na kashe allura a ɓoye. Digiri 2 zuwa 8 ake so. Kwalbar da ta jingina da ƙanƙara a akwatin tafiya za ta iya lalacewa, kuma tambarin jikinta zafi kaɗai yake nunawa. A bar ƙanƙarar ta fara narkewa har a ji ruwa na motsi ciki kafin a jera. In ana shakkar irin su ta ciwon hanta ko ta haɗin biyar ta jarirai, a daskarar da kwalba ɗaya da gangan, a narke, a girgiza su tare a ajiye gefe da gefe. In wadda ake shakka ta kwanta da sauri kamar ta gangan, ta mutu.

Sannan a faɗi gaskiya a kan illa. Daskarewar jini da aka gano da ta AstraZeneca a 2021, da kumburin tsokar zuciya a samari bayan allura ta biyu ta Pfizer ko Moderna, ba kasafai ba ne amma gaskiya ne. In jama'a suka fara ji daga bakin wani, sun daina yarda da kai har a kan ƙyanda.

Gani_Ya_Kori_Ji
Hajiya, duk wannan sai allurar ta iso. A 2021 wasu ƙasashe na ba da ta uku, wasu ma'aikatan asibitinsu ba su ga ta farko ba. Afirka na sarrafa kusan kashi 1 na alluran da take amfani da su. Burin kashi 60 nan da 2040 yana nan a takarda, kamfanin da ba a sayen kayansa lokacin lafiya kuwa rufewa yake.

Barista_Shiru
Ta fuskar doka akwai motsi, ko da ba sauri. An yi wa dokokin lafiya na duniya na 2005 kwaskwarima a Yunin 2024, an kuma amince da yarjejeniyar annoba a Mayun 2025. Ƙashin bayanta musaya ce: ka ba da samfurin ƙwaya da bayani da wuri, a ba ka kaso daga allura da magani. Dalilin a bayyane yake. Afirka ta Kudu ta sanar da nau'in korona na Omikron a Nuwamban 2021, ladanta shi ne aka rufe mata hanyoyin jiragen sama cikin kwanaki, alhali nau'in ya riga ya isa Turai. Wa zai yi gaggawar faɗa a gaba?

A cikin gida kuwa, dokar ta-ɓaci ta zo da ranar mutuwarta. Ta Birtaniya ta 2020 an sa mata wa'adin shekara biyu, majalisa na dubawa duk wata shida. Ikon da ba shi da wa'adi ba ya komawa kube da kansa. Sin ta riƙe tsauraran matakai har Disambar 2022, sannan ta sake su kusan lokaci guda, tsofaffi da yawa ba su kammala allura ba. Fita ma sai da shiri.

Mai_Gashin_Ƙashi
Kada a manta da waɗanda suka warke amma ba su warke ba. Ma'anar da aka amince da ita a Oktoban 2021: alamun da ke nan wata uku bayan kamuwa, sun ɗauki aƙalla wata biyu, babu wani bayani daban. Kuskuren da ake yi shi ne a ce wa kowa ya dage da motsa jiki. Akwai waɗanda in suka wuce iyakarsu yau, sai gobe ko jibi su kwanta warwas na kwanaki. Irin waɗannan a tambaye su wannan tun farko, su riƙa rubuta aikin yini da yadda suka tashi, su tsaya ƙasa da iyakar. Komawa aiki mataki-mataki, rabin yini tukuna.

Sarkin_Tambaya
Na gode ƙwarai, kaina ya cika. Amma ku yi mini afuwa, kusan duk abin da kuka lissafa "ya kamata" ne. Ta yaya ɗan ƙasa zai bambance hukumar da ke zaune da cutar bisa shiri da wadda ta juya mata baya kawai? A waje dai kama ɗaya suke, babu mai takunkumi.

Dakta_Mai_Alƙaluma
A tambaye su lamba, ranka ya daɗe. Wane adadi ne in aka kai shi za a dawo da takunkumi a asibitoci, wane ne za a ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, wa ke da ikon sa hannu, kuma a wane adadi za a janye? Ba a fafe gora ranar tafiya. Dalilin rubutawa tun da wuri lissafi ne: in masu kamuwa na ninkawa duk kwana 5, cikin kwana 20 sun ninka sau 16, kuma wanda aka kwantar yau ya kamu ne mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce. Ranar da ɗakin ya cika rabi, waɗanda za su cika sauran sun riga sun kamu. Akwai kuma ma'aunin 7-1-7: a gano ɓarkewa cikin kwana 7, a sanar cikin 1, a kammala matakan farko cikin 7. Hukumar da ke auna kanta da shi za ta iya nuna maka sakamakon.

Gani_Ya_Kori_Ji
Lambar da aka rubuta ma sai an sami mai ƙarfin halin aiki da ita ana saura wata biyu zaɓe. Kuma annoba ta gaba ba lallai ta biyo ta iska ba, Injiniya ya tara rariyarsa a banza.

Sista_Ta_Dare
Ba a banza ba, Malam Gani. Tarin fuka da ƙyanda da mura duk ta iska suke bi, kuma suna nan yau. Oksijin ɗin ma jariri bakwaini da mai ciwon huhu na buƙatarsa kullum. Kayan da ake amfani da su kowace rana su ne ake tararwa da rai ranar tsiya. Takunkumin ajiya ma haka, a riƙa fitar da tsoho ana aiki da shi ana zuba sabo. Kuma don Allah a daina wanke takunkumin N95, ruwa da sabulu na kashe cajin da ke kama ƙwayoyin.

Malamar_Aji
Injiniya, ajin da tagoginsa duk a bango ɗaya suke, ɗaya gefen kuma baranda ce rufaffiya?

Injiniyan_Iska
A sa fanka a taga mafi nisa da ƙofa tana hurawa waje, a toshe gefunanta da kwali don kada iskar ta juyo, a rufe tagar da ke maƙwabtaka da ita, a buɗe ta ɗaya ƙarshen. In za a bar ƙofa a buɗe, a fara auna barandar, kada a jawo numfashin ajin kusa. A riƙa siririyar takarda a bakin ƙofa a ga inda ta karkata.